Yaƙin Ƙarshe a Garin Kwali

"Likita, yau kai za ka riƙa motsa mini sojojina," in ji Injiniya. "Hannun nan ya ƙi ni."

Ni kuwa ga ni nan tsaye da tef ɗin awo a wuya. Shekara goma sha ɗaya muna wannan wasa ni da shi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Likitan haƙorin nan kuwa ko shekara bai cika da tarewa a layinmu ba.

Teburin cin abinci Injiniya ya mayar filin daga. A kansa akwai gari guda na kwali: benaye, gada, da tashar jirgin ƙasa mai agogo. Irin gine-ginen nan ne da ake sayarwa falle-falle, kowane yanki da lambarsa, kana cusa wannan a tsagar wancan har gini ya tashi, ba gam ba ƙusa. Don ado aka yi su, amma shi ya gano tsayinsu ya dace da 'yan sojojinmu na roba. Sai ya bar rufin a sake, don a ɗaga a ɓoye mayaƙa a ciki. A jefa ɗan ludo, a auna tafiyar soja. Da tef ɗina na ɗinki ake awon, kafin Likita ya zo da rularsa ta ƙarfe. Tun daga nan ba ka jin komai a bakin Injiniya sai "Likita ya ce," "Likita ya kawo."

'Yarsa ta gyara masa filo a kujera. Tun da aka sallamo shi daga asibiti kowa ya san sai dai jira.

Rundunarsa tana cikin tasha, tawa tana hayin gada. Likita ya sunkuya, Injiniya ya raɗa masa wani abu a kunne, suka yi dariya su biyu. Ni ko kallo ban ishe su ba.

To, akwai abin da Likita bai sani ba. Lokacin da muka haɗa tashar nan ni da Injiniya, yanki ɗaya na bangon baya ya ɓace, muka toshe gurbin da 'yar bishiyar soso. Na lallaɓa da mutum shida ta ƙarƙashin gada, na ture bishiyar, na shiga.

"Haba, Tela," in ji Likita ƙasa-ƙasa, yana yi mini nuni da ido. "A bi a hankali mana."

"Jefa kawai," na ce.

Ya jefa, ɗaya ta fito. Na jefa, shida. Ina kwashe sojojinsu ɗaya bayan ɗaya, ina ajiyewa a gaban Likita da ƙarfi don ya ji ƙarar. Yarinyar ta ce, "Kawu, don Allah," na yi kamar ban ji ba. Ban tsaya ba sai da tashar ta zama wayam.

Sai Injiniya ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa.

"Ɗan banza, ta baya ka shigo!" Ya kamo wuyan hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau. "Wata guda kowa yana bar mini nasara kamar ƙaramin yaro. Yau dai na yi yaƙi."

Na yi murmushi. Ban gaya masa cewa ba don shi na yi ba. Fuskar Likita nake duka.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina shagona na ƙofar gida ina ɗinkin ƙafar wandon wani, na jiyo kuka ta katanga. Kafin in zagayo rai ya yi halinsa. Likita na tarar a bakin gado, shi yarinyar ta fara kira, shi ya rufe masa ido. Allah ya yafe mini, har wannan sai da na ji haushinsa.

Da aka kwana biyu yarinyar ta zo shago da wani kwali a hannu.

"Kawu, Baba ya ce tasha ta Likita ce. Wannan kuma naka ne."

"Tashar da muka haɗa ni da shi?"

"Haka dai ya ce."

Sabon gini ne, bene mai hawa biyar, ko ledarsa ba a farke ba. Na tura shi ƙarƙashin tebur.

Ranar Asabar Likita ya leƙo, idonsa jawur.

"Tela, ko za mu ɗan buga? Na shirya teburi."

"Aiki ya yi mini yawa," na ce, ban ɗago kai ba.

Ya jima a tsaye, sannan ya tafi. Na kashe keken ɗinki, na ture yadin mutane gefe, na jawo kwalin na farke. Na ɓalle yanki mai lamba ɗaya, na ɓalle mai lamba biyu. Bangon ya ƙi tsayuwa shi kaɗai, sai na jingina shi da dutsen guga.