Kwafin da ya tafi tare da faifan

Mai gyara ya juyo da laftop ɗin wajen dattijon da ya kawo shi.

"Baba, faifan ciki ya mutu. A ina kuke adana kwafin kayan?"

"'Yata marigayiya ce ta saita. Duk mako yana rubuto mini an kammala."

"Wane faifai kuke jona masa?"

"Ba ma jona komai."

Mai gyara ya sosa ƙeya. "To a cikinsa yake zuba kwafin. Tare suka tafi."

"Har da muryarta?"

"Har da ita, Baba."

Dattijon ya ce to. Ya ɗauki caja, ya naɗe wayar a hankali, yadda 'yarsa take naɗewa, sannan ya tambayi inda ake hawa mota.