Tsohon Mai Goro Ba Ya Amsa Wanda Bai Gaishe Shi Ba

Tun safe Bushra ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe kwamfuta, ta rufe, ta leƙa titi, ta dawo. Ƙarfe huɗu za ta nuna wasanta a ajin masu koyo a Ikeja, ga shi azahar ta wuce, kuma kowa ya san cunkoson hanyar Agege ranar Asabar.

Wasan na kwamfuta ne: baƙo ya sauka Agege yana neman gidan ɗan'uwansa Munir, sai ya yi ta tambayar mutane. Manhajar da take aiki da ita ta 'yan koyo ce. Ka zana akwati ka rubuta abin da mutum zai faɗa, ka ja kibiya zuwa amsoshin da mai wasa zai zaɓa. Da haka ta gina mai okada, ta gina mai sayar da agidi, duk suna zuba kamar rediyo. Mutum ɗaya ne ya gagare ta, tsohon mai goro, don kuwa mahaifinta ne, Alhaji Almu, wanda ya rasu bara. Ta sa masa hularsa da faifansa, amma da ya buɗe baki sai ta ji ba shi ba ne. Abin yana ci mata rai, tana tsoron muryarsa ce ta fara ɓace mata.

Malaminsu Davou kuwa ya riga ya kafa doka: kada hira ta wuce dannawa uku, masu wasa ba su da haƙuri. Ita ma ta bi, ta datse duk wani abin da ta ga zai ja lokaci.

"Inno, abeg, zo ki gwada mini," ta ce wa mahaifiyarta.

Inno ta goge hannu a zani, ta zauna, ta ƙura wa tsohon ido. Amsoshi uku ne a ƙasa: Ina gidan Munir? Nawa goro? Sai an jima.

"Oya, danna ɗaya mana."

"Wanne? Duk rashin kunya ne. Ke a gabanki aka taɓa yi wa Alhaji tambaya ba gaisuwa ya amsa?"

Bushra ta yi tsaye cak. Ai kuwa! Mutum ya zo a guje yana tambayar hanya, Alhaji sai ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa, kamar iska ce ta wuce. Yarbawan layin ma sun san haka, sai sun gaishe shi da ẹ kàásán, Baba, kafin su nemi ko ashana.

Ta janye kwamfutar. Ta sa sharaɗi: wanda bai yi gaisuwa ba, kibiyarsa ta kai shi akwatin da babu komai a ciki. Nan take manhajar ta yi ja, wai akwati ba rubutu kuskure ne. Bushra ta yi tsaki, ta rubuta a ciki: Tsohon ya yayyafa wa goro ruwa. Jan ya ɓace.

"Bayan sallama me yake cewa?"

Inno ta shiga jerowa, Bushra tana bugawa, ƙafarta na kaɗawa. Ina wuni. Ina gajiya. Ya hanya. Ya kasuwa. Ya mutanen gida. Sai a ƙarshe, to, me ke tafe da kai? Dannawa bakwai cif. Davou zai riƙe kai, shi ya sani.

Uku saura kwata ta rataya jaka. "Gwada sau ɗaya, Inno, da sauri, kar in rasa motar danfo."

Inno ta danna sallama. Tsohon ya ɗago. Ta bi shi a hankali, ina wuni, ina gajiya, leɓunanta na motsi. Har ya zo kan tambayarsa: Ya mutanen gida?

Amsa ɗaya ce a ƙasa, Lafiya lau, amma Inno ba ta danna ba. Ta gyara mayafinta.

"Suna nan, Alhaji," ta ce a fili. "Bushra ce dai har yanzu ba ta iya zama wuri ɗaya ba."

Bushra ta sauke jakar, ta zauna kusa da ita a kan tabarma.