Muryar da Aka Sa wa Sumie

Yayata Sumie baƙa ce, ni kuwa fara. Uwarmu ɗaya. Ubanta sojan Amurka ne da ya koma ƙasarsu tun tana ciki. A Osaka ta ƙasar Japan aka haife ta, kuma duk layinmu babu mai bakinta, ko masu kifi a kasuwa shakkar ciniki da ita suke yi.

Tana budurwa ta fito a wani fim na batsa, irin wanda maza ke shiga kallo suna sunkuyar da kai. Sau ɗaya ta yi, ba ta kuma taɓa kallonsa ba. Daga baya muka buɗe shagon taliya, muka tsufa a cikinsa.

Bara wata malamar jami'a mai suna Natsuki ta zo shagon. Ta ce za a sake haska tsofaffin finafinan da suka nuna mutane iri-iri na ƙasar nan.

"Mama, fim ɗinki tarihi ne. A zamanin ba a cika ba mai irin fatarki babban matsayi ba."

"Fata kam sun gan ta, har da ƙari," in ji Sumie, sannan ta juyo gare ni. "Harue, zuba mata taliya, karatu ya tsotse ta."

Muka je da rana, wani ɗan ƙaramin sinima mai warin tsohuwar taba. Aka kashe fitila. Sai ga yayata a bango, siririya, tana saukowa daga bene. Na manta ta taɓa yin kyau haka. Ta buɗe baki.

Muryar da ta fito ba tata ba ce. Wata 'yar siririyar murya ce mai gwaranci, tana karya harshenmu kamar baƙuwar da ta sauka daga jirgi jiya. Sumie ta damƙe hannuna.

"Wace ce wannan?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba haka na ce ba. A nan namijin fim ɗin na zaga, har masu ɗaukar hoto suka fashe da dariya."

Har aka gama ban kalli bango sosai ba, ita nake kallo. Leɓɓanta na motsi daidai da na yarinyar, tana faɗin ainihin maganganun a hankali, waccan muryar kuwa tana ta kuka da roƙo daga sama.

Aka kunna fitila, aka yi tafi. Wani dattijo ya matso ya rusuna, ya yaba mata yadda ta iya harshen Japan yanzu. Na zaci za ta wanke shi tas. Sai ta wuce shi ta nufi ƙofa.

A hanya ta roƙi Natsuki ta nemo mata mai muryar. Aka daɗe, sannan Natsuki ta dawo da abin da ta ji daga wani tsoho da ya yi aikin sauti. Ya ce wata 'yar Koriya ce, haifaffiyar Osaka, wadda ke ɓoye asalinta da sunan aro don gudun wariya. Harshenta garau, darakta ne ya sa ta ta karya shi, don wai ba wanda zai yarda baƙar mace ta yi magana kamar kowa. Ta rasu tuntuni. Sunanta na gaskiya bai sani ba.

Sumie ta ce, "Ashe garinmu ɗaya ma."

Yanzu kullum da safe shayi biyu take ajiyewa a gaban hoton marigayiya mahaifiyarmu, ɗaya nata, ɗaya na mai muryar. Ina daga kicin ina yanka albasa sai in ji tana hira ƙasa-ƙasa. Takan yi tambaya, ta dakata kamar mai jiran amsa, ta ce, "Haba dai?" Ni kuma sai in ga na tsayar da wuƙar, ina kasa kunne.