Kazar Tekawe a Ranar Tambayar Tamar

Tun da aka buɗe babban kantin nan a tsakiyar Kafanchan, wanda suke kira sufamaket, matar ɗana Caroline ta manta hanyar kasuwa. Ni Yemima na taɓa shiga wurin, ita ce ma ta ja ni. Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, kowa na tura keken ƙarfe yana ɗaga hanci. Har cittar Kwoi na gani an niƙa an ɗura a 'yar kwalba an liƙa mata takarda, cittar da ake shanyawa a bakin titi akuya na bi ta kai. Ba mai ce miki ina gajiya, ba mai tambayar ƙafarki da ke ciwo. Na ce wa yarinyar da ke kan na'ura ta yi mini gyara ko da albasa guda, ta dube ni kamar na zagi ubanta.

A jikin kantin kuma akwai gidan soya kaza, bangonsa duk gilashi, don mai ci ya tabbata masu wucewa sun gan shi. Kazar kuwa, Allah na tuba, ba ta taɓa tono a bola ba, ba ta taɓa gudun shaho ba. Ka tauna, gari ne da mai. Amma Caroline in ta riƙo ledar wurin, tafiyarta ma canzawa take yi.

To, jikata Tamar, 'yar Caroline ta fari, malamar firamare ce, tana da wanda take so, Leonard, ɗan Kwoi. Yaro mai hankali, in ya zo gaishe ni sai ya durƙusa har ƙasa. Mahaifinsa ya rasu, don haka maganar aurensa tana bakin kawunsa, wani dattijo mai taurin kai, Baba Zamani. In wannan tsoho bai buɗe baki ya tambayi yarinya ba, babu aure, ko fasto ba zai yi sanarwa a majami'a ba. Aka sa ranar da za su zo tambaya.

Yadda muka taso muka gani a gidajenmu, masu neman aure ba sa faɗin abin da ya kawo su sai sun ci daga tukunyar gidan. Yarinyar ce za ta fito da buta da kwano ta zuba musu ruwan wanke hannu, a nan za su gan ta da kyau. A ci a kwano ɗaya, a sha ruwa, sannan babba ya gyara murya.

Na tuna wa Caroline haka. Na ce, "Maman Tamar, a jiƙa acca tun yanzu, a nemo karkashi."

Ta yi dariya. "Haba Mama, wace acca kuma? So kike su zo su same ni ina warin hayaƙi? Na riga na yi oda a gidan kaza. Su ma su san ba ƙauye suka zo ba."

Na juya wajen ɗana Meshak, mijinta. Ya ɗaga jarida ya rufe fuska. "Mama, harkar kicin ce, ku ƙarata can." Haka yake tun yana yaro, in rigima ta taso sai ya nemi abin ɓuya.

Ranar ta zo. Mutanen Kwoi suka cika falo, maza da manyan riguna, mata da ankon zumunta. Aka yi addu'a, aka gaisa, aka tambayi damina da cittar bana. Tamar na bayan ƙofar kicin riƙe da buta, tana jiran a kira ta. Sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar gida, aka shigo da kwalaye. Caroline da kanta, tana murmushi har kunne, ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa kowa leda a ɗaure. A ciki robar tekawe ce a rufe, shinkafa da cinyar kaza, da cokalin roba, da lemon kwalba.

Ni dai na sunkuyar da kai. Ina muke karɓar abinci a ɗaure a leda? Wajen jana'iza. In an dawo daga maƙabarta, a tsaya a bakin ƙofa a miƙa wa kowa nasa, ma'ana ka ɗauka ka kama hanya, masu gida sun gaji.

Baba Zamani ya ɗaga ledarsa ya duba ta sama da ƙasa. Ya ce, "Meshak, wa ya rasu a gidan nan?"

"Babu kowa, Baba."

"To, mun gode wa Ubangiji." Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Duk suka miƙe tare da shi.

Caroline ta bi su har waje. "Baba, ku zauna ku ci mana, da zafinsa fa!"

"Za mu ci a hanya, 'yata. Ai don haka kika ɗaure mana."

Leonard ya waiga yana neman Tamar, wata gwaggonsa ta tura shi cikin mota. Suka tafi, ba wanda ya ambaci sunan yarinya. Na shiga kicin na same ta tsaye yadda take, butar na hannunta, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta ba ta sani ba.

Da yamma Leonard ya bugo waya. Kawunsa ya ce an sallame su kafin su yi magana, shi kuwa ba ya komawa gidan da aka sallame shi. In Leonard na son mata, a duba masa wata a Kwoi.

Caroline ta hau sama. "'Yan ƙauye! An karrama su ba su san karamci ba. Manya a Abuja ma haka suke ci. Su tafi, 'yata ba ta rasa manema ba."

Tamar ba mai ɗaga wa uwarta murya ba ce. Ta ce a hankali, "Momi, ke kike son manya su gan ki. Ni Leonard nake so." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Washegari ba ta je makaranta ba, ba ta ci komai ba. Ragowar robobin kaza na jibge a firji, ko kallonsu ba ta yi ba.

Abin da zai ba ku haushi, Caroline ta iya girki. 'Yar manomi ce, na san gidansu, na ga hannunta a tukunya tun kafin ta samu kujera a sakatariya ta fara yin kamar ba ta san yadda ake hura wuta ba. Da gari ya sake wayewa sai na ji ƙarar faskare a bayan gida. Na leƙa, sai ga madam ta ɗaure zani a ƙirji, ta tuɓe gashin kanti ta rataye a reshen mangwaro, tana wanke acca tana tace yashi. Hayaƙi na shiga idonta tana hawaye, ko na hayaƙin ne ko na wani abu, ban tambaya ba. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar karkashi, ta sa aka yanka zakaran gida, wanda ya san wahalar duniya.

Muka ɗora tukwanen a bayan motar Meshak yadda suke, da baƙinsu, muka nufi Kwoi, Tamar na riƙe da murfi kada miya ta zube. Muka samu Baba Zamani a ƙofar gidansa ana juya citta a shanya. Caroline ta durƙusa a gabansa, a kan ƙasa, da leshinta.

"Baba, na yi kuskure. Ga tukunyar gidanmu na kawo."

Ya bar ta a durƙushe har sai da gwiwarta ta gaya mata. Sannan ya dubi Tamar. "Ke, ba ruwan wanke hannu ne?"

Tamar ta ruga ta nemo buta. Ta zuba masa, ya wanke, ya yanki tuwo. Ya ci, ya ƙara, bai ce ya yi daɗi ba, irinsu ba sa faɗa. Da ya sha ruwa ya ce, "Ba a tambayar yarinya a gidan miji. Ku koma, za mu zo ranar Asabar." Tamar ta rufe fuska da gyale.

Mun tashi za mu shiga mota sai tsohon ya kira Caroline gefe, ya rage murya, amma kunnena bai mutu ba.

"'Yata, kazar nan ta rannan. In mun zo a samo ta kuma. Amma a juye a faranti."

Ashe, in ji Leonard, tun kafin su yi rabin hanya rannan kawun ya cinye tasa, ya karɓe ta gwaggo, har yana tsotsar ƙashi yana zagin mutanen Kafanchan.

Ranar Asabar suka zo. Ga tuwon acca, ga miya da wani zakaran gida, ga kuma kazar gidan gilashi a babban faranti a tsakiya. Ita Baba Zamani ya fara kai wa hannu, mai na bin gemunsa. Ya gyara murya ya tambayi Tamar da sunanta, Meshak ya ce an ba su, mata suka rangaɗa guɗa. Caroline ta matso kusa da ni tana fifita da hannu.

"Kin gani ko, Mama? Dama kazar ba ta da laifi."

Na tura mata farantin. Na ce ta kai wa surukinta, tun da bakinsu ɗaya, ni a miƙo mini wuyan zakaran.