Man da Ba a Zuba Ba

Zaidu ya sunkuya zai ɗauko sifana a ƙarƙashin benci, sai hannunsa ya ci karo da jarka. Ya jawo ta don ya kawar da ita gefe, ya ji ta da nauyi. Ya duba bakinta. Murfin yana nan a like, ko taɓa shi ba a yi ba.

Nan take ya tuna.

Man giya ne, wanda ya sayo jiya saboda motar Hajiya Nana Hadiza, mai shagon kwanuka a Kasuwar Dakar. Ta kawo shuɗiyar motar tata garejinsa da ke New Bell tana kukan giya ba ta shiga sai da kokawa. Bai wahala ba wajen gano ciwon. Ya kashe inji ya gwada, giya ta shiga kamar an shafa mata man shanu. Ya tayar da inji, ta ƙi, sai ƙara. Ya ce mata laifin kuloci ne, ba na giya ba. Ya tsiyaye tsohon mai, ya sauke bwat, wato akwatin giyar, ya sa sabon farantin kuloci, ya mayar da komai. Yana ɗaure noti na ƙarshe ruwa ya kece ana kiran magariba, ya ce a ransa gobe da safe zai zuba man.

Da safen ta zo tana sauri. Ya zaga layin da motar, giya na shiga lafiya lau, ya miƙa mata makulli har da yi mata Allah ya kiyaye hanya. Edeya za ta, ƙanwarta ce ta haihu. Mahaifiyarta na gidan gaba, 'yarta Kausar na baya rungume da kwandon kayan barka.

Shekara ashirin da biyu ke nan Zaidu yana wannan sana'a, ya san abin da bwat ke yi idan babu mai. Da fari ba ta nuna komai, ɗan maiƙon da ya rage zai rufa mata asiri. Daga nan haƙoran ƙarfe su fara cin juna a bushe, su ɗau zafi, su yi kuka. In ba a tsaya ba, lokaci ɗaya su cije, tayoyin gaba su ƙame. Kuma hanyar Yawunde ce, inda manyan motocin gungume ke bin bayanka kamar za su haɗiye ka.

Ya lalubo wayarsa ya kira Hajiya. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ya sake kira, haka. Na uku ma haka. Minti arba'in da tafiyarsu.

Ya suri jarkar, da sifana biyu, da guntun tiyo, ya fita ko garejin bai rufe ba. A bakin titi ya tarar da Ɓoɓɓo, wani Bafulatanin Garwa da ke bensikin, wato acaɓa, yana zaune kan babur yana cin gasasshiyar ayaba.

"Ɓoɓɓo, tashi! Hanyar Yawunde. Duk gudun da kake da shi, yau nake so."

"Patron, maigida, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tukuna."

Ɓoɓɓo ya dubi fuskarsa, ya jefar da ayabar, ya buga babur.

Suka kutsa ta Dakar, tsakanin masu turin kaya da tasi masu ruwan ɗorawa. Zaidu ya matse jarkar a cinya, ɗaya hannun yana ta danna waya. Duk shuɗiyar motar da ya hango sai ya ƙura mata ido, in sun matso ya ga ba ita ba ce. A hanya ya gaya wa Ɓoɓɓo abin da ya yi, a taƙaice, bakinsa daf da kunnensa saboda iska.

"La'ilaha illallahu," in ji Ɓoɓɓo. "To ka roƙi Allah go-sulo ya riƙe su a unguwar Village. Kullum akwai shi."

Zaidu bai taɓa yin addu'ar cunkoso ba sai ranar. Amma da suka isa Village titi a buɗe yake, motoci na wucewa fiu-fiu. Ya tuna yadda Kausar ta leƙo ta taga da safe ta ce masa, "Sannu da aiki, Baba Zaidu." Ya tuna shi ne ya gyara wa tsohuwar kujera don ta miƙe ƙafa.

Sun wuce Yassa kaɗan, gaban mararrabar Japoma, suka hango taro. Wata babbar mota ta gicciye a gefen hanya, mutane sun yi cincirindo, wasu mata sun ɗora hannu a ka. Ta tsakanin ƙafafuwan jama'a Zaidu ya hango shuɗin fenti.

Kafin Zaidu ya ce a tsaya, Ɓoɓɓo da kansa ya tsaya.

Bai san yadda ya sauka ba. Ya ratsa mutane rungume da jarkar, yana jin wani na cewa da Faransanci an riga an tafi da direban asibiti. Shuɗiyar motar ta lotse daga gaba har gilas. Ya tilasta wa idonsa ya sauka kan tayoyin. Ƙafafun alminiyam ne masu sheƙi. Na Hajiya baƙin ƙarfe ne, shi da hannunsa ya kwance su jiya.

Ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har wani dattijo ya juyo ya harare shi. Kunya ta kama shi, ya yi wa mai motar addu'a a ransa, ya koma da gudu.

"Ba su ba ne. Mu je."

Gidaje suka fara ƙarewa, daji da itatuwan kwakwar manja suka karɓi hanya. Nan ne direba ke sakin mota ya sa giya ta biyar. Zaidu ya daina kiran waya, ya koma karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Daf da gadar Dibamba, inda mata ke sayar da kifi a bakin titi, Ɓoɓɓo ya ɗaga hannu ya nuna. Motar Hajiya na tsaye a gefe, fitilun haɗari na ƙiftawa. Tsohuwar na zaune kan tabarma a inuwa, Kausar na yi mata fifita. Hajiya Nana Hadiza na tsaye ta riƙe ƙugu tana kallon motar.

Zaidu ya ƙidaya su da ido. Uku. Ya sake ƙidayawa.

"Malam Zaidu!" in ji Hajiya. "Ikon Allah! Yanzu nake laluben wayata in kira ka, tana can ƙasan jaka. Tun Yassa na fara jin wani kuka, wiii, kamar injin niƙa. Na zo mayar da ita ta huɗu, sandar ta yi tauri, ga zafi a tafin hannuna. Na ce a'a, ba da uwata a ciki ba." Ta rage murya. "Ni ce ko? Na san ina da ɗora ƙafa kan kuloci. Na ƙona maka sabon aiki."

Tsohuwar ta ɗaga hannu daga kan tabarma. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ne ya jeho ka."

Zaidu ya tsaya. Ƙofar tsira ce aka buɗe masa har biyu. Yana iya barin ta ta ɗora wa ƙafarta laifin. Yana iya cewa roba ce ta saki man ya zube, ba wanda zai musa. A New Bell kuwa labari ba ya kwana. In aka ji Zaidu ya saki mota ba mai, daga masallaci har kasuwa za a sani kafin la'asar. Ya dubi Ɓoɓɓo. Ɓoɓɓo ya kawar da kai yana kallon kogi.

Ya ajiye jarkar a gabanta.

"Hajiya, ba ƙafarki ba ce. Wannan man naki ne. Jiya na tsiyaye tsohon, ban zuba sabon ba. Na manta. Tun daga gareji a bushe kike tafiya."

Ta dubi jarkar, ta dubi murfin. "Da ban tsaya ba fa?"

"Da ta cije. Tayoyin gaba su tsaya cak."

Daidai lokacin wata motar gungume ta wuce, ƙasa ta girgiza, iskarta ta ɗaga gefen mayafin Hajiya. Ta bi ta da kallo har ta hau gada. Sannan ta juya ta dubi 'yarta. Zaidu ya gwammace da zagin sa ta yi.

Ya jira ƙarfen ya huce, ya kwanta a ƙasa ya shige. Ya kwance notin ƙasa ya duba maganaɗisun da ke jikinsa: garin ƙarfe ne laushi kamar kwalli, babu gutsuren haƙori. Ya goge ya mayar. Ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari, ya haɗa da tiyon, Ɓoɓɓo na tsiyaya man daga sama a hankali har ya fara dawowa ta bakin ramin. Ya ɗaure, ya tayar da inji, ya ɗan ja motar gaba da baya a gefen titi. Giya ta ɗaya ta shiga, ta biyu, ta uku. A ta huɗu akwai ɗan siririn kuka, wanda sai mai neman sa zai ji.

"Za ta kai?" in ji Hajiya. Muryarta a daidai take, ba zafi ba sanyi.

"Za ta kai, in sha Allahu, in ba a matsa mata ba. In kun dawo zan sauke ta in canja abin da ya ci. Wannan a wuyana yake."

"Ka tabbata za ta kai?"

"Na tabbata."

"Da safe ma ka tabbata."

Ya sunkuyar da kai.

Ta naɗe tabarmar, ta kama mahaifiyarta ta kai ta kujerar baya kusa da Kausar. Ta dubi Ɓoɓɓo ta ce, "Kai koma, in ka je ka ja masa ƙofar gareji." Sannan ta buɗe gidan gaba, ta tsaya riƙe da ƙofar.

"Shiga, Malam Zaidu. Tare za mu."

Ya dubi kayansa da suka yi baƙi da mai da jar ƙasa, ya karkaɗe abin da zai karkaɗu, ya shiga ya ja bel. Hajiya ta yi bisimilla, ta sa ta ɗaya. Suka hau gadar, kogin na shimfiɗe a ƙasa, shi kuwa ya karkata kai wajen sandar giyar, ya kasa kunne.