Ƙugun Wandon Baba

Likita ce ta haddasa gardamar, ba da niyya ba. Ta ɗora Makaniki da matarsa Tela a kan sikeli, ta ce kowa ya rage ƙiba. Sannan ta juya ga Baba, mahaifin Makaniki, wanda bai jima da tashi daga jinya ba, ta ce shi kam in ya ƙara ramewa, gadon asibiti zai koma.

Tun a mota aka raba gari. Makaniki ya ce shi ba kaza ba ne da zai riƙa tsattsagar abinci. Zai kame bakinsa tun daga yamma har rana ta take, sannan ya ci ya ƙoshi a gareji. Tela ta ce wannan ai azabtar da kai ne. Ita sau uku za ta ci, amma a ɗan ƙaramin faranti.

Dukansu biyu akwai taurin kai, don haka kafin a ankara abu ya zama gasa. Alƙali kuwa tef ɗin awon Tela. Wanda aka fara rage wa ƙugun tufafi, shi ya ci. Da safe Makaniki yana ɗaure takalmi yana yi mata tsiya.

"Uwargida, wannan farantin naki ko na kyanwa ne?"

"Je ka dai, Maigida. Kada jiri ya kayar da kai a ƙarƙashin motar mutane."

Abin da suka manta shi ne, tun rasuwar matarsa, Baba ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Da ɗansa yake sa hannu, safe da yamma. Yanzu kujerar da ke gabansa babu kowa. Tela takan kai masa tire, ta koma kan kekenta, in ta dawo ta tarar an ɗan taɓa gefen shinkafar.

"Baba, ka ci kuwa?"

"Na ci, 'yata. Allah ya yi albarka."

Ita kuma idonta ya saba da ƙaramin faranti. Abin da a da zai tayar mata da hankali, yanzu sai ta ga ai daidai cikin mutum ne.

Ranar wanki tana zazzage kwando sai ga shuɗin wando, an naɗe ƙugunsa an soke da fil. Ta san ɗinkinta, ta ɗauka na mijinta ne. Ta shimfiɗa tef a kai, ninkin ya kai faɗin tafin hannu. Ranta ya ɓaci, don ta tsani a kayar da ita, balle ga mutumin da ba zai bari ta huta da gori ba.

Da Makaniki ya dawo ta miƙa masa wandon.

"Ga shi, ka ci gasa. Amma da ka kawo na rage maka, maimakon wannan aikin fil."

Makaniki ya kara wandon a jikinsa.

"Wannan ko cinyata ba za ta shiga ba."

Sai a lokacin ta tuna yadi ɗaya ta yanka musu, uba da ɗa. Kunya da tsoro suka kama ta tare.

Washegari Makaniki ya ɗauki tiren da kansa, shayi da burodi da ƙwai, ya zauna a kujerarsa. Tela ta tsaya a bakin ƙofa. A hasken taga ta ga ramin wuyan tsohon da yadda agogo ke yawo a hannunsa.

"Ai lokacinka bai yi ba," in ji Baba.

"Na bar wannan tsarin, Baba. Bismillah."

Baba ya gutsuri burodi ya tsoma a shayi. Ya ƙara loma ɗaya, ya tauna a hankali, sannan ya tura farantin gaban ɗansa.

"Ƙara mana, Baba."

"Ci kai dai," ya ce. "Ni cikina ya riga ya saba."