Ƙundun Kaza a Zaman Sulhu

Tun da ƙungiyar 'yan tumatir ta kasuwar Keffi ta dare gida biyu, Naja'atu ta fara ƙiba. Ita ke dafa wa kwamitin sulhu abinci duk ƙarshen wata. 'Yan kwamiti su karɓi kuɗin zama, Julius ya ba da hayar kujeru, Alhaji Husaini da Malam Zaharadeen masu rigimar shugabancin su zagi juna son ransu, a watse kowa yana walwala. Da kuɗin rigimar nan ta sa 'yarta a jami'a, kuma yarinyar ba ta gama ba.

Ranar da abin ya so lalacewa, robobin zuba abinci ne suka ƙare. Cikin sauri ta juye wa masu rigimar biyu shinkafa a tire ɗaya. Kai, wautar Naja'atu! Waɗanda suka tashi tare a Tudun Ƙofa suna cin tuwo a kwano ɗaya, su za a haɗa wa tire?

Ba a jima ba Husaini ya tura wa Zaharadeen tsokar nama gabansa. "Har yanzu kana tsince albasa, kamar muna yara?"

Zaharadeen ya tuntsire da dariya har da ƙwalla. "Alhaji, wai me ma ya haɗa mu? Wallahi a bar maganar nan."

Shugaban kwamiti ya ƙware da ruwa. Julius ya matso yana raɗa, "Madam, kin kashe mu o! Waɗannan shiryawa za su yi."

Karatun 'yarta kawai Naja'atu take gani yana shirin tsayawa. Ta ruga wajen tukunya ta lalubo ƙundun kaza, wanda kowa ya san babba ake ba wa. Ta dawo ta durƙusa, ta ajiye shi a tsakiyar tiren daidai.

"Ranku ya daɗe, wannan na shugaba ne."

Hannaye biyu suka miƙe lokaci guda. Kafin ka ce me, tire ya yi sama, shinkafa har cikin hular shugaban kwamiti, wanda ke ihun "A kai zuciya nesa!" bakinsa har kunne. Nan take aka sa ranar zama na gaba.

Naja'atu na shara tana 'yar waƙa, kamar ta taka rawa don murna. Sai ta ga tsokar da Husaini ya tura wa abokinsa a ƙasa, an tattake ta. Zuciyarta ta ɗan sosu. Sannan ta share ta cikin bola, ta kira mai kaji ta ce ya ajiye mata na wata mai zuwa.